Daren da aka yi ta harbi a saman Los Angeles

Wani marubuci ya ce halittun wata duniya sojojin Amurka suka yi ta harbi a Los Angeles daren 24 ga Fabrairun 1942, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, amma bai ambaci cewa ana gobe jirgin ruwan yaƙin Japan mai nutso ya yi luguden wuta kusa da Santa Barbara, wani gari a jiha ɗaya da Los Angeles, ba. Gari a tsorace yake. Harsashi sama da 1,400 aka harba, ko ɓallin jirgi bai faɗo ba. Masu zargin gwamnati da rufa-rufa, ban ga laifinku ba, tunda sakataren sojan ruwa Knox ya ce babu komai, na yaƙi Stimson ya ce akwai jirage. To amma saɓanin jami'ai biyu ya isa hujjar baƙi daga sama?