Wai Hons ɗinmu ado ne kawai

Ranar Alhamis ta makon jiya aka gayyace ni wani zama a jami'ar da nake digiri na uku a nan Amurka. Wata ɗaliba ce za ta kare binciken kammala digirinta na farko. Ɗaki ne ƙarami a hawa na uku, kafet mai kauri, tagogi tun daga sama har ƙasa, ga dusar ƙanƙara tana zuba a waje, an jera kofi da biskit a kan wani tebur a gefe. Malamai uku ne suka zauna mata, iyayenta da ƙaninta suna baya. Ta shafe minti arba'in tana bayani a kan ruwan rijiyoyin garinsu, kuma gaskiya yarinyar ta yi ƙoƙari.

Da aka tashi, wani farfesa da ya taɓa ganin takarduna ya tambaye ni wace kwalejin haziƙai, wato honors college, na yi a Najeriya, tunda ya ga an rubuta Hons, gajeren honours, a jikin digirina. Na ce ba mu da irin wannan kwalejin, duk wanda ya fita da daraja ta ɗaya zuwa ta uku ana rubuta masa. Ya gyaɗa kai ya ce, to ashe kalmar ado ce kawai. Na san ba da mugun nufi ya faɗa ba, amma har na kwanta maganar tana ci mini rai.

Bari in faɗa muku abin da suke nufi da kwalejin haziƙai. Wata 'yar makaranta ce a cikin jami'a, wadda ake zaɓar ɗalibanta. Digirin farko a nan yawanci kiredit 120 ne a shekara huɗu, wato ma'aunin yawan darussan da ka ɗauka, su kuma waɗannan sai an ware musu wani kaso na darussa na musamman. Misali, kwalejin Barrett ta Jami'ar Jihar Arizona, wadda aka kafa a 1988, tana neman kiredit 36 na irin waɗannan darussa, da matsakaicin maki 3.25 cikin 4, da wani kwas da ake kira The Human Event, inda ake zama a karanta tsofaffin littattafai a yi ta muhawara a kansu. A ƙarshe sai ɗalibi ya rubuta bincike ya kare shi gaban malamai. Ajinsu ba ya cika, malami ya san kowa da sunansa. Suna da ɗakunan kwanansu daban, su ake fara buɗe wa rajistar kwasa-kwasai kafin sauran ɗalibai, kuma akwai ƙarin kuɗin da suke biya. Abin yana da tsari, ba zan ɓoye ba. Da na samu irin wannan ajin ina shekara goma sha tara, da na so.

To amma ku da kuke gida kun san me ake ciki. Abin da suke ware wa zaɓaɓɓu su yi masa biki da biskit, a wurinmu wajibi ne a kan kowa. Wane ne ya taɓa fita jami'a a Najeriya bai rubuta furojet, wato binciken kammala digiri, ba? Babi biyar, ka kare shi, a kawo malami daga wata jami'a ya duba aikin sashen. Kafin nan ka yi darussan GST na gama-gari, in kai ɗan kimiyya ne ka tafi SIWES, wato koyon aiki a ma'aikata, bayan ka gama ga bautar ƙasa ta shekara guda tana jiranka. Daraja ta ɗaya kuwa sai ka kai 4.50 cikin 5, kuma kowa ya san malamanmu ba sa rabon maki kamar goro. A nan ɗalibi yana iya gama digirinsa tsaf bai taɓa rubuta dogon bincike ba, ba wanda zai ce da shi uffan.

Ban ce komai lafiya lau a gida ba. Na san ana sayen furojet, na san malami ɗaya yakan riƙe ɗalibai fiye da ƙarfinsa. Sabon tsarin manhaja da Hukumar Kula da Jami'o'i ta fitar a ƙarshen 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin ɗari ta tsara da kanta, kuma da za a yi amfani da wannan dama a buɗe ƙananan azuzuwan tattaunawa, da an ci riba. Sai dai ba na son a ɗauko mana ɗabi'ar ware 'yan tsiraru a ba su tsoka, saura su tashi da romo. In aka yi haka a gida, mun san 'ya'yan wa za su cika kwalejin.

Ni a aji mai mutum fiye da ɗari biyu na yi shekarar farko, wani lokaci a tsaye a bakin taga. Furojet ɗina a wani shagon kwamfuta kusa da Terminus aka buga shi lokacin hutu, janareta yana ta ƙara, ni da yayana muna raba dankali da ƙwai a cikin sanyin Jos na watan Disamba. Shi ya biya kuɗin bugun daga cinikin shagonsa. Malamin da ya duba ni ya mayar mini da babi na biyu sau huɗu da jan biro, ran da na kare kuma ya riƙe hannuna ya ce Allah ya yi albarka. Wannan ne farfesan bai gani a takardar ba.

Yanzu ƙanwata ce a shekarar ƙarshe. Yajin aikin 2022 ya cinye mata wata takwas, ba ta karaya ba. Daren jiya ta turo mini babi na uku ta WhatsApp daga unguwar Gangare a Jos, ta ce, "Yaya, ka duba mini kafin wayata ta mutu, tun safe babu wuta." Na gyara na mayar mata, na tura kuɗin bugu. A watan gobe za ta kare, Inna ta riga ta ce za ta yi mata masa, ni kuma na duba kuɗin jirgi har sau uku, bai sauko ba.