Zumar maza da haɗin mata: nasiha ga 'yan uwanmu mazauna Makka da Jidda

Assalamu alaikum 'yan uwa, maza da mata. Maganar nan ta kunya ce a wurinmu, amma kunyar ta fara kai mutane ɗakin gaggawa, don haka dole a yi ta. Duk wanda ya zaga shagunan attarai, masu sayar da ganye da turare, a Shari'a Mansur ta Makka ko Balad ta Jidda, ko ya buɗe WhatsApp da daddare, ya san kasuwar da ta fi ci: zumar ƙarfin maza a 'yar leda, kofi mai hoton doki, gumba da tsimi da ake aikowa daga gida, da haɗin da ake cewa yana mayar da tsohuwa yarinya. Alhazai ma suna cika jaka da su su kai gida a matsayin tsaraba, suna ganin duk abin da ya fito daga ƙasa mai tsarki ba zai cutar ba.

Ba ganye muke yaƙa ba. Hadisin habbatussauda ya tabbata a Bukhari da Muslim, zuma kuma Alƙur'ani ya ambaci warakarta a Suratun Nahli. Abin da muke jan kunne a kansa shi ne haɗin da ba wanda ya san cikinsa, da kuma ɓoye wa likita abin da ake sha.

Mu fara da ku, maza. Zuma zalla ba ta aiki cikin rabin sa'a. Citta da kanumfari da dabino ma haka. Idan Alhaji ya lashi leda ɗaya, bayan minti talatin ko arba'in fuskarsa ta yi zafi, hanci ya toshe, kai ya sara, wani lokaci ya ga haske ya koma shuɗi-shuɗi, to maganin asibiti ya sha. Waɗannan alamomin sildenafil ne, sinadarin da ke cikin Viagra tun 1998, ko ɗan uwansa tadalafil wanda ke kai sa'a 36 a jiki. Hukumar abinci da magunguna ta Saudiyya ta sha yin gargaɗi a kan irin waɗannan kayan, ta Amurka ma a watan Yulin 2022 ta aika wa kamfanoni huɗu takardar gargaɗi saboda zumar da aka cusa wa waɗannan magunguna.

Wani zai ce, to ai magani ne na gaske, ina laifi? Laifin yana wurin awo. Likita yana farawa da miligiram 50 na sildenafil, ga dattijo ko mai ciwon ƙoda ya sauko 25, ba ya wuce 100, kuma sau ɗaya a yini. Mai damawa a bayan shago ba shi da ma'auni. Wata ledar babu komai, wata ta ninka awon. Mutum ya sha ɗaya bai ji komai ba, gobe ya haɗa biyu.

Babban haɗarin yana kan mai ciwon zuciya da ke shan nitroglycerin ko isosorbide, ƙwayar nan da ake sa wa a ƙarƙashin harshe idan ƙirji ya riƙe. Ita tana buɗe hanyoyin jini, sildenafil ma yana buɗewa, idan suka haɗu jini ya faɗi ƙasa warwas, mutum ya sume, wani ba ya tashi. Shi ya sa likitoci ba sa ba da ita sai an yi sa'a 24 da shan sildenafil, ko sa'a 48 da shan tadalafil. Idan ƙirji ya riƙe ka bayan ka sha zumar nan, kada ka sa ƙwayar a baki. A kira motar asibiti ta 997, kuma ka faɗa musu gaskiyar abin da ka sha tun kafin su taɓa ka. Uwargida, idan shi ya kasa magana, ke ki faɗa, ki ɗauki ledar ki tafi da ita.

Akwai kuma miƙewar gaba da ta ƙi kwanciya. Idan ta kai sa'a huɗu, jinin da ya taru ya rasa iska, naman wurin ya fara mutuwa, kuma jinkirin yini guda na iya jawo rashin ƙarfi na har abada. Masu sikila sun fi kowa shiga wannan, kuma kun san yadda sikila take a cikinmu. Matashi mai sikila kada ya kusanci waɗannan kayan ko da wasa. A Singafo a 2008 an kwantar da mutum 150 da sukarinsu ya faɗi bayan sun sha irin wannan maganin ƙarfi, domin an cusa masa maganin ciwon suga mai suna glibenclamide. Huɗu sun rasu, kuma dukkansu ba masu ciwon suga ba ne.

Ga abin da muka fi so ku riƙe. Raunin gaba ga mai shekara arba'in zuwa sama sau da yawa saƙo ne daga jijiyoyin jini. Jijiyar da ke kai jini gaba faɗinta milimita 1 zuwa 2 ne, ta zuciya 3 zuwa 4, don haka idan kitse ya fara toshe hanya, ƙaramar ce ke fara nunawa, shekaru kafin zuciya ta yi ƙara. Wanda ya rufe wannan saƙo da zuma ya yi asarar gargaɗin da Allah ya aiko masa. Je mustausaf, wato ƙaramin asibitin unguwa, ka auna abu uku: hawan jini, kitsen jini, da sukari. Jini 140 bisa 90 da ya nace hawan jini ne. Sukarin da aka auna da safe kafin a ci komai ya kai 126, ko tarakumi, wato awon sukarin wata uku, ya kai 6.5, ciwon suga ne. Ka nuna wa likita magungunan da kake sha, domin wasu na hawan jini da na damuwa suna rage ƙarfi, kuma ana iya canza su. Shisha da sigari kuwa suna ƙuntata jijiyoyin nan kai tsaye. Matasa 'yan ashirin da ke sha don burge amarya, mafi yawanku fargaba ce ke damunku, kuma wanda ya saba da leda zai wayi gari ba ya yarda da kansa sai da ita.

Yanzu ku iyayenmu da yayyenmu mata. Ɗaukewar al'ada ba cuta ba ce. Yawanci tana zuwa tsakanin shekara 45 da 55, kuma ana cewa ta ɗauke idan an yi wata 12 cur babu jini. Kafin nan ana iya shekaru tana wasa, wani wata ta zo, wani ta ƙi. Sinadarin istirojin ne ke raguwa, shi ke kawo zafin da ke taso wa daga ƙirji zuwa fuska, gumin dare, rashin barci, saurin fushi, da bushewar gaba. Da yawa suna ɗauka zafin Makka ne, wasu su ce sammu ko iska, a yi ta ruƙiyya ana hayaƙi. Addu'a tana da wurinta, amma ki san sunan abin da ke damunki. Zafin nan yakan ɗauki kimanin shekara bakwai a tsakaice kafin ya lafa. A wannan tsakanin ciki na iya shiga, don haka mai tazarar haihuwa ta ci gaba har shekara biyu bayan jinin ƙarshe idan ba ta kai hamsin ba, shekara ɗaya idan ta haura.

Game da ganyayyaki, ga gaskiyar da muka sani. Maramiyya, ganyen da Turawa ke kira sage, tana rage gumi ga wasu matan. Ƙaramin cokali ɗaya na busasshen ganye a kofin ruwan zafi, kofi ɗaya ko biyu a yini ya isa. Man maramiyya da ake sayarwa a ƙananan kwalabe kada a sha shi, yana da sinadarin da ke jawo farfaɗiya. Waken suya yana da abin da ke kama da istirojin mai rauni, awara ko madararsa suna ɗan sassauta zafin bayan makonni, ba kwana biyu ba. Hulba tana saukar da sukari, mai shan maganin suga ko allurar insulin ta lura, haka mai shan warfarin na tsinka jini, kuma mai ciki ta bar shan ta da yawa. Ƙwayoyin tsiron black cohosh da ke saidaliyya, wato kantin magani, binciken cibiyar Cochrane mai tantance binciken lafiya na 2012 da ya tattara gwaji 16 bai sami hujjar da ta isa a ce suna aiki ba, kuma an samu waɗanda hantarsu ta taɓu. Ashwagandha da ake ta yayi a TikTok ita ma tana iya taɓa hanta da thyroid, wato ƙullin da ke maƙoshi mai fitar da sinadari, har Denmak ta hana sayar da ita a 2023. Duk wadda ta ga idonta ya yi rawaya, fitsari ya koma kalar shayi, jiki na ƙaiƙayi, ta ajiye abin da take sha a ranar ta je a duba hanta.

Ku kula da sunan Kaffu Maryam. Tsiro biyu ne daban ke amsa shi: busasshen dunƙulen nan da ake sayar wa alhazai wanda ke buɗewa a ruwa, da kuma 'ya'yan wata bishiya da ake yin ƙwaya da su don matsalar al'ada. Mace ta ji an yabi ɗaya ta sayo ɗayan. Sai irƙus-sus, abin shan Ramadan da ake zubawa cikin haɗin mata don zaƙi. Yana riƙe gishiri da ruwa a jiki, ya zubar da fotasiyom, jini ya hau, ƙafa ta kumbura, bugun zuciya ya rikice. Hajiya mai hawan jini ta bar shi gaba ɗaya.

Inda aka fi cutar da mata shi ne wajen matsi. Bayan al'ada ta ɗauke fatar farji tana yin siriri ta bushe, ƙwayoyin halitta masu tsaron wurin su ragu. Sai a kawo alimun, kanwa, ruwan bagaruwa mai kauri, ko garin da ba a san asalinsa ba, a ce a cusa. Waɗannan suna tsotse ruwa ne su kumbura fatar, abin da ake ji kamar matsewa kumburi ne. Ƙarshensa tsagewa, zafin saduwa, ƙaiƙayi, da ciwon fitsari mai dawowa. Miskin ɗahara na kwalba turaren masana'anta ne, idan za a yi amfani da shi a tsaya a waje. Dukhan da muka koya wurin 'yan uwanmu na Sudan yana da ƙamshi, amma zama kan hayaƙin ɗalhi kullum yana ƙara busar da wurin da dama a bushe yake, kuma mai ciwon suga da ƙafarta ta daina jin zafi tana iya ƙonewa ba ta sani ba. Zuma ko sukari a cikin farji abinci ne ga ƙwayar farin ruwa mai ƙaiƙayi.

Abin takaici, maganin bushewar nan yana nan kusa kuma ba tsada. A saidaliyya akwai man santsi mai ruwa da ake shafawa lokacin saduwa, da mai danshi da ake sawa duk kwana biyu ko uku. Idan ba su isa ba, likitar mata tana rubuta istirojin na wurin kaɗai, kirim ko 'yar ƙwaya, a sa kullum na mako biyu sannan sau biyu a mako. Kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Bushewa ba ta tafiya da kanta kamar yadda zafin jiki ke tafiya, gara a nemi maganinta da wuri. Maigida ma ya sani, matarsa ba ƙinsa take ba, zafi take ji. Haƙuri da jinkiri da wasa kafin saduwa suna cikin magani.

Wadda zafi da gumi suka hana ta barci, maganin maye gurbin istirojin shi ya fi kowane ganye aiki, musamman ga wadda ba ta kai sittin ba ko ba ta wuce shekara goma da ɗaukewar al'ada ba. Mai mahaifa dole a haɗa mata da furojestaron don kare bangon mahaifar. Wadda ta taɓa sankarar nono, ko daskarewar jini a ƙafa, ko shanyewar ɓarin jiki, ba nata ba ne, kuma akwai wasu magungunan da likita zai ba ta. Kada ki karɓi ragowar na maƙwabciya. Ƙashi ma yana saurin lalacewa a shekarun farko, ga shi zaman cikin gida da gudun rana sun sa ƙarancin bitamin D ya yi yawa a ƙasar nan. Ki auna shi, ki nemi kalsiyom kimanin miligiram 1200 a yini daga laban, wato kindirmo, madara, sardin da riɗi, ki riƙa tafiya.

Magana ɗaya kada ta wuce ku. Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa ba kuruciya ce ta dawo ba, ko da ɗigo ne sau ɗaya, ko da mai haɗin ta ce alamar magani ya karɓe ki ce. Kusan ɗaya cikin goma na irin wannan jini sankarar mahaifa ce, kuma idan aka kama ta da wuri ana warkewa. Mata sukan ruga wurin malam su tambayi hukuncin salla da ɗawafi, wannan daidai ne, amma a makon nan a ga likita a yi hoton mahaifa. Haka gumin dare da ya zo da tari da rama, a duba tarin fuka. Bugun zuciya da rawar hannu da rama, a duba thyroid ɗin maƙoshi.

Haɗin ƙiba da ƙarin ƙugu kuwa, da yawa ana zuba musu maganin asibiti mai suna dexamethasone. Fuska ta yi kumburi kamar wata, ciki ya fito, ƙafafu su sirance, suga da jini su hau. Wadda ta yi makonni tana sha kada ta yanke rana ɗaya, jiki zai iya faɗuwa, likita ne ke rage shi a hankali.

Kafin ka ba da riyal ɗinka, juya kwalin. A ga sunan kowane tsiro da awonsa, sunan masana'anta, lambar rajista da ranar ƙarewa. Manhajar Tameni ta hukumar magunguna tana nuna ko an yi wa abu rajista, kuma ana kai ƙorafi a lambar 19999. Mai jin nauyin ido da ido ya kira 937 na ma'aikatar lafiya ya yi magana da likita ta waya. A gwada ganye ɗaya a lokaci guda, domin idan an haɗa biyar ba a san wanda ya yi ɓarna ba, a ba shi wata biyu zuwa uku, in babu canji a bari. Wanda za a yi wa tiyata ya dakatar da duk wani haɗi mako biyu kafin ranar. Ranar ganin likita kuma a zuba komai a leda, har gumbar da aka aiko daga Sakkwato da kwalbar da ba ta da rubutu, a ajiye masa a kan tebur.