Wayar Tesla da ba a ƙera ba, da abin da ya sa ba mu gaji da jiranta ba

Tun wajen 2021 ake cewa kamfanin Tesla mai ƙera motocin lantarki na gab da fitar da waya mai suna Pi. Har yau babu mahalukin da ya riƙe ta a hannu, amma a rumfunan masu gyaran waya na babbar kasuwar Garwa, da zaurukan WhatsApp na samarin Marwa da Ngaundare, labarinta bai tsufa ba. Wai rana ce za ta riƙa yi mata caji. Wai kai tsaye za ta haɗu da taurarin ɗan'adam na Starlink masu ba da intanet, intanet kyauta har abada, babu sayen data. Duk shekara sai a sake mata ranar fitowa da sabon farashi, a kuma sake turo hotunan nan masu sheƙi da aka zana da kwamfuta.

Masu ganin sun waye sukan yi wa masu yaɗa labarin dariya, su ce duhun kai ne. Ni ban yarda ba. Wannan ciwo bai bar waɗanda suka fi mu boko da kuɗi ba. A Amurka an shafe shekara goma ana zancen motar Apple. Aikin ya fara a 2014, kamfanin bai taɓa fitowa ya nuna wa duniya motar ba, sai a Fabrairun 2024 aka ji labarin an rufe shi. Kafin wannan an yi ta jiran akwatin talabijin na Apple. Wani mai nazarin kasuwa, Gene Munster, ya yi shekaru yana cewa ga shi nan tafe, sai a 2015 ya haƙura. Masu wasannin kwamfuta kuwa tun 2007 suke zaman jiran gawon shanu a kan Half-Life 3 na kamfanin Valve, har abin ya zame musu barkwanci.

To me ke raya irin wannan zance? Da farko dai ruwa ba ya tsami banza. Jita-jitar da ke daɗewa kusan kullum tana da ɗan ƙwayar gaskiya a gindinta. A Nuwamban 2022 Elon Musk, shugaban Tesla, da kansa ya rubuta cewa idan Apple da Google suka cire Twitter daga rumbunan manhajojinsu, zai ƙera wata wayar. Ba su cire ba, shi ma bai ƙera ba, daga baya ma ya fito ya ce ba sa yin waya. Amma maganar farko ita ce ta zauna a kunnen mutane. Haka labarin da ke dawowa duk bayan 'yan watanni cewa WhatsApp zai fara karɓar kuɗi: da can yana karɓar kusan dala ɗaya a shekara, sai a Janairun 2016 ya daina. Ga kuma abin da ya fi ƙarfafa masu jira: an yi shekaru ana raɗe-raɗin Apple zai yi waya, ana ƙaryatawa, sai ga iPhone a Janairun 2007. Sau ɗaya ya isa. Tun daga nan duk wanda ka ce wa labarinsa ƙanzon kurege ne, yana da abin kafa maka hujja.

Sannan zancen da ba shi da wa'adi ba ya mutuwa. Abin da kamfani ya sanar da bakinsa yana iya faɗuwa a gaban kowa, kamar faifan caji na AirPower da Apple ya nuna a 2017 ya kuma soke a 2019. Aka yi surutu kwana biyu aka wuce. Abin da ba a taɓa sanarwa ba kuwa babu mai iya soke shi. Kamfani ya yi shiru, a ce ɓoyewa yake. Ya musanta, a ce ai dole ya musanta. Wayar da ba ta fito ba batirinta ba ya kumbura, gilashinta ba ya fashewa, ba a kai ta wurin mai gyara. Ta fi kowace Tecno da Itel da ke aljihunmu, don ita ba a taɓa gwada ta ba.

Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne irin jita-jitar da kowace al'umma ke zaɓa ta rungume. Motar Apple ba ta taɓa hana wani ɗan Kusiri barci ba. Mu abin da ya kama mu shi ne caji da rana da intanet kyauta, kuma duk wanda ke zaune a arewacin Kamaru ya san dalili. Idan ruwan madatsar Lagdo ya ja baya lokacin rani, wuta sai a yi ta rabonta unguwa-unguwa, mutum ya ɗauki wayarsa ya nufi mai janareto ya biya kuɗin caji. Tsadar data da rashin ingancin layi su suka sa a Afrilun 2023 'yan ƙasar nan suka yi gangamin sa wayoyinsu a yanayin jirgin sama don nuna fushi ga kamfanonin sadarwa. A 2020 an so a riƙa cire harajin kwastan na kashi 33 cikin ɗari na kuɗin waya daga kuɗin kiran mai ita, sai da aka yi ca kafin a dakatar. 'Yan'uwanmu na Chadi sun ga abin da ya fi haka: daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019 an toshe musu kafofin sada zumunta, wata 16 cur. Mutumin da ya sha wannan, ka zo masa da labarin wayar da ba ruwanta da kamfanin wuta, ba ruwanta da kamfanin layi, kuma babu hukumar da za ta iya kashe mata hanya, yaya za a yi ya ƙi saurara? Da hukumomin sadarwa a Yawunde da Injamena suna da kunne, da sun karanta wannan jita-jita a matsayin takardar koke.

Sai dai son abu ba ya sauya lissafi. Bayan waya, ko da an lulluɓe shi gaba ɗaya da farantin sola, abin da zai samar a tsakar rana bai wuce wat 2 zuwa 3 ba. Batirin 5,000 mAh da ke cikin yawancin wayoyinmu yana ɗaukar abin da zai sa a shanya ta awa 8 ko fiye kafin ta cika. A zafin Garwa na watan Afrilu, da ke haura digiri 40, wannan hanya ce ta kashe batiri. Samsung ya gwada ƙaramar waya mai sola tun 2009, ba ta yi nisa ba. Batun tauraron ɗan'adam kuwa akwai shi: iPhone 14 ta zo da saƙon neman agaji ta tauraro a 2022, Starlink ma ya fara haɗa wayoyi kai tsaye a wasu ƙasashe. Amma na Starlink ɗin ta hannun kamfanonin layi ake yi, da izinin gwamnati, kuma wani ne ke biya. Starlink da ya shiga Najeriya a Janairun 2023 da kuɗin wata ya shiga. A nan Kamaru ma, a 2024 kwastan umarni aka ba su su kama na'urorinsa a kan iyaka saboda ba shi da lasisi.

Ban ga laifin hirar ba, in dai hira ce. Tana da daɗi, kuma ba ta buƙatar jari: yaron da ba shi da kuɗin sayen iPhone yana da cikakken 'yancin yin gardama a kan wadda za ta fito baɗi, kafaɗa da kafaɗa da mai shago. Da yawa daga masu gyaran wayarmu ta wannan gardamar suka fara sanin mene ne RAM, mene ne processor na waya da yadda ake auna ƙarfinsa.

Inda nake ja da baya shi ne inda kuɗi ya shigo. Mai tashar YouTube da ke fitar da bidiyon wayar Pi duk mako ya san babu ita. Kallon da kake yi shi ne abincinsa, datar da ka saya da guminka ita ke biyan sa. Mafi muni su ne masu turo mahaɗi su ce ka yi rajista tun kafin ta ƙare, ka tura kafin alƙalami ta Orange Money ko MoMo, ko ka shigar da lambobi shida da aka aiko maka ta saƙo. Lambobin nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinka. Wanda ya ba da su, kafin la'asar an fara roƙon kuɗi da sunansa a wurin 'yan'uwa da abokan kasuwancinsa. Tsohuwar ƙaryar WhatsApp Gold, wai wani WhatsApp na musamman, da ke yawo tun 2016 da wannan salon take cin mutane, kuma har yanzu ana tura ta a zaurukan iyali, galibi daga hannun dattijon da babu mai iya ce masa Baba wannan ba gaskiya ba ne.