Kuka a cikin kasko

Laifin ƙanena ne, shi ya bar mini tsohuwar wayarsa da ragowar data a ciki. Ina kwance a tsakar gida bayan isha'i, sauro na ta yi mini waƙa, sai na ci karo da bidiyon wani tsoho ɗan Japan, ya durƙusa gaban bishiyar da ba ta kai gwiwata ba, yana bin ganyenta da ɗan almakashi kamar wanzami a kan jariri. Bishiya ce sosai, ga gindi ga rassa ga tsagaggen ɓawo, amma a faranti take zaune. Wai sunan abin bonsai, a bakinsu ma'anarsa shuka a cikin faranti, kuma asalinsa daga ƙasar Sin suka aro shi. Har da wata da ake reno tun 1625, tana garin Hiroshima bom ya tashi a 1945 bai kashe ta ba, aka ba Amurka kyautarta a 1976. Na ce a raina, abin da ya tsallake bom, me zai same shi a ƙauyenmu? Na manta da akuyar Inna.

Ranar Juma'a na hau babur sai kasuwar Wudil, na zaɓi kasko uku masu faɗi marasa zurfi, na ce wa mai tukwane ya huda mini gindinsu don ruwa ya riƙa tsiyayewa. Ya dube ni, ya dubi kaskon, ya ce, "Malam, shekarata talatin ana dawo mini da kasko don ya huje. Yau na ga wanda zai biya a huda masa." Ya kuwa karɓi kuɗin hujin daban. Su can Japan wata irin ƙasa mai tsakuwa-tsakuwa suke zubawa a kaskon, sunanta akadama. Ni tsingaron tsohuwar randa na daka, na haɗa da yashi da ɗan taki. Wayar jan ƙarfe ta lanƙwasa rassa kuwa wurin mai gyaran fanka na samo.

Da cediya na fara, tunda ita ko reshe ka sara ka kafa sai ta kama. Wata uku ina lallaɓa ta, na naɗe ta da waya, na karkata ta gefe guda kamar wadda iska ta kaɗa. Ran nan na shiga wanka, na fito na tarar da akuya tsaye a kan kaskon tana tuƙa, ta bar mini waya tsirara. Da na kai ƙara, Inna ta ce, "To ka girka mata abinci a kasko a ƙasa, ce maka aka yi azumi take?"

Sai na koma kan kuka. Da damina na samu wata 'yar tsiro a bayan gida, na tono ta. Ashe ƙaramar kuka saiwarta kamar rogo take, doguwa mai kauri, ita ce rumbun ruwanta. Ita ake datsewa a bar ƙananan saiwoyi su bazu a kaskon, daga nan bishiya ta daina saurin tsawo. Na datse hannuna na rawa, na shanya ta kwana biyu bakin yankan ya bushe, na dasa, na ɗora kaskon a kan tsohon turmi inda akuya ba ta kaiwa. Inna ta zo wucewa da buta ta tsaya cak.

"Kuka ce wannan?"

"Ita ce, Inna."

"A cikin gidan nan? Kai ba ka san su wa ke kwana a kuka ba?"

Na ce, "Haba Inna, wane aljani ne zai iya shiga wannan 'yar abar da ba ta kai muciya ba?"

Ta ce, "Su ba su da 'ya'ya ne?"

Har yau ban sami amsar wannan tambaya ba.

Kafin sati biyu magana ta zaga gari, wai Malam ya ɗaure kuka da jan ƙarfe a cikin kasko, kullum da asuba yana tsugunne a gabanta bakinsa na motsi. Ganye nake ƙirgawa, wallahi. A majalisa wasu suka ce hedimasta na ɗaure don kada ya sa a yi mini canjin makaranta. Wata baiwar Allah kuwa sallama ta yi da magariba, da kaza a hammata, ta durƙusa ta yi ƙasa da murya ta ce maigidanta ne yake neman ƙaro aure, a taimaka a naɗe mata shi kamar yadda aka naɗe wannan. Na yi rantsuwa, na yi bayanin Japan tun daga farko, har bidiyon tsohon na nuna mata. Ta kalla tsaf ta ce, "Allah sarki, shi ne malamin naka?" Da ƙyar ta tafi da kazarta.

Ganye goma sha tara kukata ta yi. Idan ɗaya ya cika faɗi sai in tsinke shi don na bayansa su fito ƙanana, haka ƙa'idar take. Wata Asabar na dawo daga gona na tarar da huɗu. Maiɗakina ko gezau, ta ce, "Ai gani na yi kullum kana tsinka kana zubarwa, na ce wannan almubazzaranci ne, ga tukunya a kan wuta." Na ci tuwon dai, don yunwa ba ruwanta da ɓacin rai. Miyar ma ta yi daɗi, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Da hunturu ya shigo ta zubar da sauran ganyen, kamar kowace kuka a daji. A wannan lokacin barci take, ba a ba ta ruwa, in an matsa mata saiwar ruɓewa take yi. Na kafa doka a gidan. Amma duk safiya sai in taɓa ƙasar in ji danshi. Da na yi kwanto, sai ga autana da moɗa, yana zubawa yana ce mata, "Sha maza kafin Baba ya fito." Duk da haka ta rayu, bazara na yi ta fitar da toho.

Farkon damina aka tura mu bita Kano ta kwana biyar. Na dawo na tarar da turmi babu kasko. Kawu na zaune a zaure yana gyaran ƙotar fartanya, bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Na sake ta." Na ce wa? Ya ce, "Baiwar Allahn da ka tsare. Kai ko kunya ba ka ji, shekara guda ka hana ta ƙasa, ka hana ta ruwa, ka sa mata mari kamar ɓarauniya. Ba ka tsoron hakki?" Ya kwance wayar tas, ya haƙa mata rami a tsohon turken shanu inda taki ya shekara goma yana taruwa, har da shingen ƙaya. Wayar kuma ya ɗaure ƙofar akurki da ita. Na buɗe baki zan kawo maganar 1625, ya ce in je in huta na sha hanya.

Damina biyu ke nan, yanzu kukar ta kai kafaɗata. Inna mai tsoron 'ya'yan aljanu ita ce ta farkon zuwa tsinkar ganye. Kasko ɗaya kaza na ƙwai a ciki, ɗaya ya fashe. Na ukun na haye da shi kan soro da 'yar tsamiya a ciki, ban gaya wa kowa ba, da dare nake hawa da tocila. Jiya da safe na fito na ga akuyar Inna ta ɗora ƙafafunta na gaba a kan tsani, tana kallon sama.