Da me Faifa ta fi Mambila?

Mu Hausawan da ke zaune a Jizan, a kudancin Saudiyya, in zafin bakin teku ya ishe mu, Faifa muke hawa mu sha iska. Tsauni ne dab da iyakar Yaman, tsayinsa wajen mita 1,800. Shimfiɗaɗɗen fili kuwa sai dai a ji labari. Gonakinsu hawa-hawa suke a jikin dutse, kowace an tokare ta da katangar duwatsu don kada ruwa ya kwashe ƙasar. Wata gonar ba ta fi tabarma uku ba, amma za ka tarar da bishiyoyin gahawa a ciki, da tankin da ake tara ruwan sama a gefe.

Duk wanda ya san Mambila ya ga wannan wahala, sai ransa ya sosu. Namu tudun da ke ƙaramar hukumar Sardauna a Taraba ya fi nasu komai da Allah ke bayarwa: ruwan sama na wata da watanni, ciyawa shar, shanun Fulani, ganyen shayin Kakara, ayaba, fiya, har gahawar ma tana yi. A wannan yankin Chappal Waddi yake, tsaunin da ya fi kowane tsawo a Najeriya, mita 2,419. Mutane kuma ba kaɗan ba, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar sama da 220,000.

To me ya raba mu? Hanya da mai saye. Kwalta ta bi tsaunin Faifa tana murɗewa har kusan ƙofar gidaje, ga lantarki. A 2022 gwamnatin Saudiyya ta kafa kamfanin gahawa na ƙasa, ta ce za ta zuba Riyal biliyan 1.2 cikin shekara goma, a shekarar kuma UNESCO ta sa noman gahawar Khaulani, wato irin gahawar da ake nomawa a wannan yanki, cikin al'adun da ake adanawa. Manomi ya san in ya shanya gahawarsa akwai inda za ta. Namu kuwa, daga ƙauye zuwa Gembu, hedikwatar ƙaramar hukumar, da damina ma aiki ne, balle a gangaro Serti da kaya.

Za a ce ai kuɗin mai ne. Gaskiya ne, kuma ba na cewa Faifa aljanna ce: samarinsu da yawa albashin gwamnati suka fi so, ba fartanya ba. Amma mu ma muna da mai. Abin da ke ba ni haushi shi ne, da an ambaci Mambila sai a ɗauko zancen madatsar lantarki mai megawat 3,050, wadda tun muna yara ake alkawarinta, aka sake sa hannu a kwangilarta a 2017, har yau shiru. Mai gonar fiya a Nguroje ba megawat ya tambaya ba. Gada yake so a kan rafin da ke tsare shi, da motar da za ta ɗauki kayansa kafin su ruɓe.