Saura kaɗan a isa gida

Assalamu alaikum 'yan uwa.

Jiya da yamma, a wani wurin hutawa a gefen babbar hanyar E6 ta ƙasar Norwe, na ji wata magana da ta hana ni sukuni. Wani iyali ne da muka saba haɗuwa da su tun can arewacin ƙasar, suna cikin irin motar nan mai gado da kicin da bayi. Uwargidan ta leƙo ta ce wa maigidanta a ɗan dakata, Azahar da La'asar ɗin da aka ce za a haɗa har yanzu ba a yi ba, ga rana ta fara yin ja. Ya amsa mata da ƙarfi, yara suna ji: "Ki bari mu tsallake tukuna, jirgi ba ya jiran kowa." Ya tayar da mota.

Jirgin ruwan da yake nufi shi ne mai tsallakar da motoci daga Skarberget zuwa Bognes. In wannan ya tashi, wani zai zo. La'asar ɗin jiya kuwa ba za ta sake zuwa ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo, na san mutumin nan ba mai wasa da sallah ba ne. Na gan shi a Nordkapp, inda hanya ta ƙare a bakin teku, inda rana ba ta faɗuwa daga tsakiyar Mayu har kusan ƙarshen Yuli. A can ba Magariba da za ka gani da ido, ba ketowar alfijir. Shi ne mai tambayar kowa: da lokacin Makka za a yi lissafi, ko da gari mafi kusa da yake da dare da rana? Shi ne mai saita agogon waya, ya tashi Asuba rana na sama tsaka, ya yi alwala da ruwan da ke yanka hannu. Da ya ga duwatsu sun miƙe daga cikin teku, bakinsa bai daina Subhanallah ba. Ya ratsa ramin nan mai kusan kilomita 7 da ya bi ta ƙarƙashin teku zuwa tsibirin Mageroya yana ta addu'a. To me ya canja? Allahn da ya bauta wa a can ai Shi ne a nan.

Abin da ya canja shi ne an juya kan mota, an fara cewa "saura kaɗan". Wannan kalma ta cinye ladan matafiya da yawa.

Ku duba yadda kwanakin ƙarshe suke zama. Daga Nordkapp zuwa Oslo, babban birnin ƙasar, ta wannan hanya fiye da kilomita 2,000 ne, hanya mai lanƙwasa, mafi yawanta ba a wuce gudun kilomita 80 a awa. A tafiya an yi ta cikin natsuwa, ana tsayawa, ana kallo, ana godiya. A dawowa sai a ce kwana uku za a cinye ta, saboda ranar mayar da motar haya ta matso, hutu ya ƙare, kuɗi sun yi ƙasa. Da zarar an gangaro, an wuce dutsen Saltfjellet inda hanya ke tsallake layin Aktik, wato iyakar yankin da rana kan ƙi faɗuwa, dare yana ƙara tsawo, faɗuwar rana da fitowarta suna bayyana sarai. Lokacin da sallah ta yi sauƙin ganewa, a lokacin ne ake barci har rana ta fito, wai an yi tuƙi jiya. Ya ɗan uwana, an rage maka raka'a huɗu zuwa biyu. An ba ka damar haɗa Azahar da La'asar, Magariba da Isha'i. Rangwamen da ya kai wannan, kuma ka ƙara wa kanka wanda ba a ba ka ba? Minti nawa raka'a biyu za ta ci? Ka tsaya shan mai, ka tsaya sayen kofi, ka tsaya ɗaukar hoton barewar da ta tare hanya, sai goshinka ne ba shi da lokacin taɓa ƙasa?

Ba sallah kaɗai ba. Harshe ma yana kwancewa. Ɗaki ne ɗan ƙarami, makonni kuna gogar kafaɗa, kowa ya gaji da kowa. Matar da ta yi ta girki a kan risho mai kai biyu, mota na girgiza, ta wanke kwanuka da ruwa ɗan kaɗan don tanki kada ya ƙare, ita ce yau ake daka wa tsawa don ta manta rufe durowa. Yaron da aka ɗora a wuya ya ga teku, yau ya ce yana jin fitsari, an ce ya cika damuwa. Yaya, wallahi yaran nan ba za su riƙe sunayen tsaunukan da ka nuna musu ba, amma za su riƙe yadda fuskarka ta kasance a kwana biyun ƙarshe. Ke ma 'yar uwa, shirun fushin da kike yi daga birnin Trondheim har gida, da amsa a daƙile, bai fi tsawarsa sauƙi ba.

Sai amana. A farkon tafiya ana neman wurin da aka tanada don zubar da tankin bayi da ruwan wanke-wanke, ko da za a ƙara tafiya. A ƙarshe sai a lallaɓa cikin duhu a buɗe shi a gefen hanya, kusa da rafi, inda wani zai zo ya shimfiɗa wa 'ya'yansa abinci gobe. Annabi, sallallahu alaihi wasallam, ya gargaɗe mu kan ƙazantar da hanyar mutane da inuwarsu, ya ce abubuwa ne masu jawo tsinuwa. Bai ce sai mutanen Musulmi ne ba. An goga gefen mota a jikin ƙarfe, sai a yi shiru wajen mayar da ita, ana fatan ma'aikacin ba zai gani ba. Ana tuƙi ido na rufewa, da rayuka biyar a baya, don kawai a ce an kwana a gida. Wannan ma cin amana ne, ko da an isa lafiya.

Na sani, aski in ya zo gaban goshi ya fi zafi. Ba na raina gajiyar kowa. Manzon Allah da kansa ya ce tafiya yanki ce ta azaba, tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa, kuma ya ce wanda ya gama buƙatarsa ya gaggauta komawa wurin iyalinsa. Son gida ba laifi ba ne. Amma ka tuna maharba 50 da aka tsayar a kan tudu ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, ƙarƙashin Abdullahi ɗan Jubair. Sun tsaya daram lokacin da yaƙi ke zafi. Sai da suka ga kamar an gama, an yi nasara, sannan yawancinsu suka sauko. Ta wannan gurbi Khalid ɗan Walid ya zagayo da dawakai, aka yi shahidai kimanin 70. Sahabbai ke nan, Allah Ya yarda da su, Ya kuma yafe musu. Ina ga ni da kai, da muke sakin jiki tun muna hango allon garinmu daga nesa?

Kuma wa ya ba mu tabbacin isa? Kilomita 300 ɗin da suka rage ba su fi na farko aminci ba. Wanda ya ce "sai mun isa zan rama" yana rance ne daga kwanan da bai san ko nasa ba ne.

Don Allah, ku da kuke kan hanya yanzu, ku rage buri. Ku ƙara kwana ɗaya a lissafi in da hali, ku tsara tsayawa a kan lokacin sallah, ba sallah a kan tsayawa ba. In matarka ta ce a tsaya a yi sallah, ka gode mata. Har yanzu kai matafiyi ne, addu'arka karɓaɓɓiya ce, kada ka ƙarar da sauran sa'o'in nan a faɗa. Ka roƙa wa iyayenka, ka roƙa wa yaran da ke barci a bayanka. In gari ya bayyana, ku faɗi abin da Annabi yake faɗa: "Ayibuna, ta'ibuna, abiduna, li Rabbina hamidun."

Maigida, ka nemi wuri ka faka. Don girman Allah ka faka, ku yi sallah.