A daina haddar jerin karin maganar Turanci: misali da "at the eleventh hour"

Masu shirin WAEC da JAMB, da ma malamansu, haddace karin magana ɗari a takarda ɗaya wahalar banza ce. Guda ɗaya da ka san asalinta da inda ake sa ta ta fi su amfani. Mu ɗauki "at the eleventh hour".

Ma'anarta a ƙurarren lokaci, wato an yi abu ana dab da makara. Ba ruwanta da ƙarfe 11 na agogo, kuma nan ne ɗalibai ke zamewa a tambayoyin zaɓi. Ta samo asali ne daga Linjilar Matta sura ta 20, labarin mai gonar inabi da ya ɗauki leburori. A zamanin ana ƙirga sa'o'in yini 12 daga fitowar rana, don haka sa'a ta 11 wajen ƙarfe 5 na yamma ke nan, saura awa ɗaya a tashi aiki. Wasu na jingina ta da tsagaita wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarfe 11 na safiyar 11 ga Nuwamba 1918. Sam, ta girmi wannan da ɗaruruwan shekaru.

Kalmomin nan huɗu tare suke tafiya, ba a taɓa ko ɗaya. Wanda ya ce "at eleven hour" ya yar da "the" da "th", magana ta lalace. Wajen furuci, "h" ɗin "hour" ba ya fita, kamar "awa" ake faɗa. Nauyin murya kuma a kan "le" yake a "eleventh". Sai dai idan za ta siffanta suna, a nan ana cire "at the" a sa karan ɗori: "an eleventh-hour deal".

Inda aka fi tafka kuskure shi ne wajen amfani da ita. Maganar manyan al'amura ce: janye yajin aiki a daren da za a fara, sulhu, ɗage hukunci. "The union called off the strike at the eleventh hour." Ka sa ta a labarin isa tasha mota na shirin tashi, mai sauraro zai ji ta yi wa zancen nauyi. Can "just in time" ta wadatar.

Yadda za ka riƙe ta: nemo jimloli uku a labaran jaridun Turanci, ka duba aikatau ɗin da ke tare da ita, ka rubuta naka biyar a kan abubuwan da ka sani, ka karanta da ƙarfi. Bayan kwana uku sake rubuta su ba tare da ka leƙa takarda ba.